Talotalo da Kabewa: Liyafar Ranar Godiya a Amurka

Idan kaka ta yi a Amurka, ganyayen itatuwa suka yi ja suka fara zuba, hankalin iyalai kan koma kan Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, wato Ranar Godiya. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mayar da ita bikin ƙasa baki ɗaya a 1863.

Talotalo shi ne sarkin liyafar. Tun da safe ake cusa masa gutsattsarin burodi da albasa da kayan ƙamshi, a shafe shi da man shanu, a sa a tanda har fatarsa ta yi jawur tana ƙyalli. Romon da ya tsatso kuwa a kaɗa shi da fulawa, a kwarara a kan dakakken dankalin Turawa.

Amma a kwanukan gefe ake gane asalin gida. Mutanen kudu sun fi son haɗin burodin masara. Iyalai baƙaƙen fata da dama ba sa rasa makaroni da cuku da dafaffen ganye. Akwai kuma koren wake da ake gasawa da miyar laimar kwaɗi da soyayyiyar albasa, girkin da Dorcas Reilly ta ƙirƙiro a kamfanin Campbell a 1955.

Daga ƙarshe a fito da kek ɗin kabewa mai ƙamshin kirfa. Ragowar naman kuma, washegari yara su danna shi cikin burodi.