Kebul Ko Waifai? Abin Da Mai Sayar Da Akwatin Kallo Ya Kamata Ya Sani

Jawabin da magatakarda ya karanta a madadin ofishin ƙungiya, a taron zagayowar ranar kafa ta



Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa da kuka taso daga Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, da waɗanda suka zo daga Kano da Katsina da Jibiya da Illela, barkanmu da ganin wannan rana. Sannunku da hanya.

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana, mu da ke riƙe da littafin ƙorafi a ofis. Wani zai yi mamakin a ce ranar murna kamar yau, maganar akwatin talabijin za mu yi. Dalilinmu shi ne, a bana babu hajar da ta fi zaunar mana da 'yan'uwa biyu a gaban tebur, kowa ya juya wa kowa ƙeya, kamar wannan ɗan akwati. Ba dikoda mai faranti muke nufi ba. Muna nufin ƙaramin akwatin nan da ake haɗa wa talabijin yana shan intanet, a kalli YouTube da ƙwallo da tafsiri da fina-finan Kannywood. Da yawanmu mun ƙara shi a cikin kayan da muke tsallakawa da su, amma kaɗan ne suka san abin da ke sa shi aiki da abin da ke hana shi.

Bari mu ba da labari ɗaya, ba tare da kama suna ba. Bayan ƙaramar salla wani dattijonmu mai shago a Maraɗi ya karɓi kwali guda daga hannun wani ɗan ƙungiya a Kano. Ya ba da rabin kuɗi, ciko sai kaya sun shige. Ba a yi mako biyu ba masu saye suka fara dawo da su: hoto yana tsayawa cak, zobe yana ta juyawa a tsakiyar allo, ana cikin kallon ƙwallo sai ihun maƙwabta ya riga hoton isowa. Baba ya riƙe cikon kuɗi, ya ce an haɗa shi da jabu. Na Kano ya rantse sai da ya gwada su kafin ya ɗaure. Mutanen da suka daɗe suna cin tuwo kwano ɗaya suka daina ɗaga wayar juna.

Muka roƙi a kawo mana biyar daga cikin waɗanda aka dawo da su. Muka kira wani yaro mai gyara, ya zo da kebul a aljihu, ya riƙa haɗa su ɗaya bayan ɗaya da rautar ofis. Huɗu suka yi aiki sumul. Ɗaya ne kawai ya tabbata matacce. Daga nan yaron ya bi ɗaya daga cikin masu sayen har gida. Ashe rauta tana ɗakin maigida kusa da zaure, talabijin kuma yana can ɗakin uwargida a ƙuryar gida, tsakaninsu bangon bulo uku da ƙofar ƙarfe, ga wayoyin yara duk a kan waifai ɗin. Kebul na mita 20 ya kashe maganar. An bar jaki ana dukan taiki. Na Kano ya musanya mataccen, Baba ya biya ciko, amma kuɗin mota da wahalar tsallaka iyaka sau biyu sun riga sun tafi, haka ma maganganun da aka faɗa wa juna a waya.

To, ga abin da muka koya. Hoton da ke fitowa a talabijin zango biyu yake yi. Zangon farko daga kamfanin sadarwa zuwa rautar gida, ta ƙarfen sabis ko ta tauraron ɗan Adam. Zango na biyu daga rauta zuwa akwati. Ku ɗauka kaya ne: babbar mota ta ɗauko su daga Kano zuwa tashar Maraɗi, sannan amalanke ya kai su ƙofar shago. Maganar kebul da waifai duk a kan amalanken take. Wanda ya gane wannan ya gane rabin matsalar, don zai fara tambaya: motar ce ba ta iso ba, ko amalanken ne ya maƙale a lungu?

Kuma kayan ba su da nauyin da ake zato. Kamfanin Netflix ya ce megabit 3 a sakan ɗaya ya isa hoto mai lamba 720, megabit 5 ya isa mai lamba 1080, megabit 15 kuma ya isa 4K. Abin da akwati ya fi buƙata shi ne intanet ya riƙa zuwa bai ɗaya, ba yankewa. A nan ne waifai ke ba da kunya.

Waifai iri biyu ne, za ku ga an rubuta 2.4G da 5G a jikin kwali. Mu lura, wannan 5G ɗin ba shi ne sabis ɗin 5G na wayar hannu ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Kada mu yi wa mai saye alkawarin abin da babu. Na 2.4 ya fi nisan zango kuma ya fi ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa. Layi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma rautar maƙwabci da lasifikar Bluetooth duk nan suke bi. Na 5 ya fi gudu, hanyarsa ta fi sarari, amma da ya haɗu da bango ɗaya ko biyu sai ya galabaita. Yawancin akwatuna masu araha 2.4 kaɗai suke kamawa, ga eriyarsu 'yar mitsitsiya a cikin roba. Shi ya sa za ka ga wayar maigida tana aiki lafiya a ɗaki, akwati kuwa yana shure-shure a ɗakin nan ɗin dai.

Ku dubi kuma irin gidajenmu. Ɗakuna a warwatse kewaye da tsakar gida, bangon bulo ko katangar ƙasa mai kauri, ƙofofi da tagogin ƙarfe, rufin kwano. Ƙarfe da kauri su ne manyan maƙiyan waifai. Mu kuma a shago muna gwada akwati taku ɗaya daga rauta, ya yi aiki, mu ce wa mai saye ka gani da idonka. Bai ga komai ba tukuna, sai ya kai gida.

Ba muna cewa a jefar da waifai ba ne. Idan rauta da talabijin suna ɗaki ɗaya, ko bango ɗaya ne tsakaninsu, ya wadatar. A ɗora rauta a sama, a sarari, ba a ƙasa ba, ba cikin akwatin ƙarfe don tsoron yara ba. Shi ma akwatin kallon a fito da shi daga bayan talabijin, zai fi kama sabis kuma zai fi shan iska. Idan na'urorin biyu suna da 5G kuma suna kusa da juna, a zaɓe shi.

Amma inda akwai nisa ko bango da yawa, ko gidan kallo da ake karɓar kuɗin mutane, kebul shi ne magana. Bango ba ya tare shi, rautar maƙwabci ba ta dame shi ba, kuma yana kaiwa mita 100 ba tare da ya gaza ba. Wanda aka rubuta wa Cat5e ko Cat6 ya isa. Ramin kebul na yawancin akwatunan nan megabit 100 yake ɗauka, ya ninka abin da 4K ke nema sau shida da ɗoriya, don haka babu dalilin ɗora wa mai saye kebul mai tsada wai don lambarsa ta fi girma. Abin dubawa shi ne cikinsa. Akwai na jan ƙarfe zalla, akwai na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wani lokaci da rubutun CCA a jikinsa. A kankare silin guda da reza. Idan ciki ya fito fari, alminiyam ne, yana saurin karyewa kuma ba ya jure dogon zango. Araha ba ta ado. Idan kebul zai ratsa tsakar gida a sa shi cikin bututun roba saboda rana da ɓera, kada a ɗaure shi tare da wayar lantarki, kuma da damina idan hadari ya taso da tsawa a zare shi, don yana iya jawo wa rauta da akwati ƙonewa lokaci guda.

Kafin a sayar da kebul a tabbata akwai inda za a soka shi a ɓangarorin biyu. Fire TV Stick da Mi Box S ba su da ramin kebul, sai an haɗa da adafta, kuma ba kowace adafta ce ke shiga da kowane akwati ba, sai an gwada. Ƙaramar rautar aljihu galibi ba ta da rami, haka wanda ke raba data daga wayar hannunsa. Masu Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2023, a Nijar kuma a 2025, su duba irin rautarsu: samfuri na biyu ba shi da rami sai da adaftarsa, samfuri na uku yana da biyu.

Yanzu ga inda kebul ba ya magani, don kada gobe a dawo mana da shi ma. Na farko, idan zangon farko ne ya gaza. Bayan isha'i kowa yana kan layi, sabis, ko rezo kamar yadda muke cewa a Nijar, yakan ja baya. A tsaya kusa da rauta a buɗe fast.com a waya, a gwada da rana, a sake gwadawa da dare. Idan da dare bai kai megabit 5 ba, laifin ba na akwati ba ne, ba kuma na waifai ba. Mazauna bakin iyaka kamar Jibiya da Ɗan Isa su kula, layi yakan tsallaka ya kama sabis ɗin ƙetare. A shiga saiti a zaɓi kamfani da hannu. Na biyu, kebul ba ya rage shan data. Hasali ma idan hanya ta yi kyau hoto yakan ƙara tsabta da kansa, data ta ƙare da wuri. A lissafin Netflix, awa guda tana iya cin giga 1 a hoto na yau da kullum, giga 3 a mai tsabta, har giga 7 a 4K. A nuna wa mai saye inda zai sauke hoton zuwa 480 ko 720. Na uku, manhajojin nan da ake loda wa akwati ana cewa tashoshi kyauta har abada. Ranar babban wasa sukan durƙushe daga can tushensu, wasu ma a rufe su gaba ɗaya. Kada ɗan ƙungiya ya jingina mutuncinsa da su. Na huɗu, wuta. Soket ɗin Nijar mai ƙafa biyu ne zagayayyu, na Najeriya mai uku ne. Caja ta zauna sako-sako, ko a musanya ta da mai rauni, sai akwati ya riƙa mutuwa yana tashi. A karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, galibi bolt 5 da amfiya 2.

Saboda haka ofis yana miƙa wa shugabanni da zauren nan shawara huɗu. Ɗaya, kafin mu karɓi kuɗin mai saye mu tambaye shi: da me kake samun intanet, ina rautar take, bango nawa ne tsakaninta da talabijin? Biyu, duk mai sayar da akwati ya ajiye kebul na kirki a shagonsa, na mita 5 da 10 da 20. Ciniki ne ya ƙaru, rigima ta ragu. Uku, mai sari da mai karɓa su gwada kaya da kebul da waifai kafin a ɗaure kwali, a rubuta a rasit. Huɗu, kuma wannan ce ta fi damunmu, kada wani ya riƙe kuɗin ɗan'uwansa ko ya kira shi mai jabu sai an kawo akwatin ofis an gwada. Mun ajiye kebul da rauta saboda wannan, kuma ba ma karɓar ko sisi. Gani ya kori ji.

Iyayenmu, kun fi mu sanin cewa yawancin kayan da ke tsallaka iyakar nan a kan kalmar baki suke tafiya. Bai kamata mu bari abin da kebul na mita 20 zai gyara ya raba mu da abokan cinikin da kuka shekara kuna tara mana ba. Idan mun yi kuskure a wani wuri, masu gyara suna cikinmu, su gyara mana.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a kasuwa, ya mai da kowa gida lafiya.