Mu Yi Waƙa, Amma Mu Tuna da Rumbu

Allah ya kawo mu watan Disamba lafiya. Hunturu ya sauko, an kai amfanin gona gida, kowace yamma kuma muna jin muryoyin 'yan kwaya da gangar Zumuntar Mata daga majami'a. Wannan abin godiya ne.

Na san da yawa cikinku suna shirin shiga birni domin taron waƙoƙin Kirsimeti. Ku tafi, ku ji daɗi. Ku saurari yadda waɗansu ƙungiyoyi suke haɗa muryoyi huɗu, ku koyo sabuwar waƙa ku kawo mana. Idan Jos za ku, ku kai yara gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1952, su kuma ga namun daji. Yaron da bai taɓa fita ƙauye ba zai daɗe yana ba da wannan labari.

Amma akwai abin da yake damuna. Kowace shekara akan sa wa mawaƙa kuɗin anko, kuɗin mota, da kuɗin abinci. Wanda ba shi da su sai ya ɗebi masara ko dawa ya kai kasuwa. Yanzu ne hatsi ya fi araha, domin kowa yana sayarwa. A watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, mutumin nan zai koma ya sayi mudu da tsada, wani lokaci ma da bashi. Waƙar yini ɗaya ta zama yunwar wata biyu.

Bari in tuna mana wani abu. Waƙar nan da duniya ta sani da suna Silent Night, a wani ƙaramin gari mai suna Oberndorf, a ƙasar Ostiriya, aka fara rera ta a 1818. Mutum biyu ne suka jagoranta, wani fada da wani malamin makaranta, da jita guda ɗaya. Sujadar karatu tara da waƙoƙi kuwa, wadda manyan majami'u suke yi, an fara ta a Truro ta Ingila a 1880, cikin ginin katako na wucin gadi. A Luka sura 2 ma, makiyaya ne a filin Allah suka fara jin waƙar mala'iku, da kayan aikinsu a jiki.

Saboda haka ina roƙonku abu huɗu. Na ɗaya, kowane gida ya ware abincin da zai kai shi sabuwar kaka kafin ya sayar da ko mudu ɗaya. Na biyu, shugabannin kwaya, ankon bara bai mutu ba. A wanke shi, a goge. Kada a hana kowa waƙa domin rashin sabon zane. Na uku, ku ɗauki mota mai lafiya, kada a cika ta fiye da kima, ku kuma dawo da sauran rana. Na huɗu, in kun dawo, ku zaga gidajen tsofaffi, gwauraye da marasa lafiya, ku rera musu abin da kuka koyo.

Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah ya ba mu Kirsimeti mai albarka, ya kuma sa damina ta same mu da hatsi a rumbu. Amin.