A Fara Horar da Malami Kafin a Tuhumi Yaro
(Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da malamai na ƙungiyarmu a Sabo, Ibadan)

 

Jama'a, mun haɗa kuɗi mun gina azuzuwa, mun sayi benci da allo, Allah ya saka wa kowa. Amma har yanzu akwai yaranmu da suka kai aji huɗu, in ka miƙa musu rasidin kaya ba za su iya karantawa ba. Suna bin baki ne kawai: malam ya faɗa, su maimaita, a rufe littafi shi ke nan. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa yara bakwai cikin goma masu shekara 10 a ƙasashe masu tasowa ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi.

Yaronmu a nan nauyinsa ya fi na wasu. Hausa a gida, Yarbanci a titi, Turanci a aji, ga Larabci da yamma. To, malamin da zai riƙe irin wannan yaro sai an koya masa sana'ar koyarwa. Iya karatu daban, iya koyar da shi daban, kamar yadda ba duk mai cin goro ne ya san zaɓensa ba.

Masana sun daɗe suna bincike a kan wannan. A shekarar 2000 wani kwamiti da gwamnatin Amurka ta kafa ya tace binciken da aka yi, ya fitar da abu biyar: yaro ya iya rarrabe sautukan da ke cikin kalma da kunnensa, ya san harafin da ke ɗauke da kowane sauti, ya yi karatu ba gargada, ya tara kalmomi, sannan ya fahimci abin da ya karanta. Mu da muka yi allo ai ba baƙon abu ba ne. Babbaƙu aka fara mana, sannan farfaru, kafin a sake mu mu ja baƙi. Haka bokon ma yake so. A nuna wa yaro sautin b da na a, ya haɗa ba da bakinsa, gobe ya haɗa baki da baka. Kuma malami ya san ɓ da ɗ da ƙ, don wanda ya rubuta ƙofa babu lanƙwasa ya ɓata kalmar.

Maganar harshe kuwa, a Ile-Ife aka gwada ta, nan kusa da mu. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa suka fara koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. A Bauchi da Sakkwato ma, wani shiri da aka fara a 2015 ya fitar da littattafan Mu Karanta na Hausa, ya horar da malamai, ana kuma bin su har aji ana gyara musu. Wannan bibiyar ita ce gishirin abin, don bitar kwana uku kaɗai ba ta sauya malami.

Sai yaron da ya makara, wanda muke saurin kira daƙiƙi. Wani idonsa ne, wani kunnensa ne, wani kuma haka Allah ya yi shi, haruffa na ba shi wuya alhali yana da kaifin basira. Bulala ba ta maganin ko ɗaya. A Indiya ƙungiyar Pratham ta fito da dabarar gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a zaunar da su gwargwadon inda karatunsu ya tsaya, ba gwargwadon shekaru ko aji ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Na ɗaya, a ware wani kaso daga asusun ƙungiya don horar da malaman aji ɗaya zuwa uku, a gayyato ƙwararre daga kwalejin ilimi, ya riƙa dawowa yana duba su. Na biyu, wanda ba shi da takardar NCE a taimaka masa ya shiga karatun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, tunda ana yinsa ba tare da an bar aiki ba. Na uku, farkon kowane zango a saurari karatun kowane yaro, waɗanda ke baya a ba su rabin awa kullum. Na huɗu, a biya malami albashinsa kan lokaci, don wanda muka horar in yunwa ta kore shi, asararmu ce.

Mu iyaye kuma, in an dawo kasuwa, a ce wa yaro ya karanta mana ko da layi biyar ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.