Gonar Nabot: su wa suka ɗauki dutse?

Ni a coci na girma, kuma tun ina yaro akwai labarin da ke hana ni sakat: na Nabot, a 1 Sarakuna sura 21.

Nabot yana da gonar inabi a Yezreyel, jikin fadar sarki Ahab. Sarki ya so ya mai da ita garkar kayan miya, ya ce zai biya ko ya musanya masa da wadda ta fi. Nabot ya ƙi, don gadon kakanninsa ce, kuma Attaura ta hana a sayar da ƙasa har abada. Sai sarki guda ya koma gida ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci. Kamar yaron da aka hana wa alewa!

Matarsa Yezebel ce ta gama aikin, kuma ku lura, ba ta aika soja ba. Wasiƙu ta rubuta da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan garin. Aka yi shelar azumi. Aka zaunar da Nabot gaban jama'a, aka kawo shaidu biyu, daidai adadin da shari'a ta nema, suka ce ya zagi Allah da sarki. Aka jefe shi. Komai bisa tsari.

A wa'azi mun fi son tsine wa Yezebel, don ita baƙuwa ce, zaginta ba ya cin kowa. Ni dattawan nan ne ke damuna. Garinsu ɗaya da Nabot, sun san gonar ta wa ce. Sun karanta wasiƙar, babu wanda ya ce a'a. Duk wanda ya taɓa ganin gonar gado a bakin gari ta zama filayen sayarwa, da takarda da sa hannu, ya san irin waɗannan dattawa.

Shekaru ɗaruruwa bayan haka, a ƙarshen ƙarni na 4, Amburos, bishop na Milan a Italiya, ya rubuta littafi guda kan Nabot, yana nuna wa attajiran zamaninsa cewa su ne Ahab.

Annabi Iliya kuwa cikin gonar ya tarar da sarki, ya gaya masa hukuncin Allah. Ahab ya yage tufafinsa, ya yi azumi, Allah ya jinkirta masifar zuwa zamanin ɗansa. Na karanta surar sau da yawa ina neman inda aka mayar wa dangin Nabot gonarsu. Ban gani ba.