Yadda Ake Auna Ƙarfin Ruwa na Kashe Tsami

Masu kiwon kifi, ku matso kusa da rediyo, domin maganar yau taku ce.

Duk mai girki ta san 'yar ƙanƙanuwar kanwa tana kashe tsamin yakuwa. To, ruwan rijiya da na kogi ma suna da irin wannan ƙarfi, wanda suke samu daga sinadaran bikabonet da kabonet da ke narkewa daga ƙasa da duwatsu. Ido ba ya ganinsa, takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami, ma ba ta nuna shi. Ruwa iri biyu na iya nuna pH 7 daidai, amma a ɗiga asid kaɗan, ɗaya ya rikice nan take, ɗayan ko gezau.

Ga yadda ake aunawa a ɗakin gwaji. A auno ruwa mililita 100 a kwalbar gilashi. A cika buret, wato dogon bututun gilashi mai lambobi da ɗan famfo a ƙasa, da asid ɗin salfa mai ƙarfin 0.02 N. Sai a sa ɗigon finolfatalin a ruwan. In ya yi ruwan hoda, ya haura pH 8.3, sai a ɗiga asid har launin ya ɓace. Yawancin ruwan sha ba ya ma canza launi a nan.

Daga nan a sa metil oranj, ruwan ya zama rawaya. Wurin haƙuri ke nan. Hannu ɗaya na kan famfo, ɗayan na kaɗa kwalba, ɗigo bayan ɗigo. Za ka ga ja ya bayyana inda ɗigon ya faɗa, ya ɓace. Da ya fara jinkirin ɓacewa, ka rage hannu. Da zarar ruwan ya koma ruwan lemo ya tsaya, an kai kusan pH 4.5, rufe famfo. Shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kwalbar, domin a wannan gaɓa ake yawan zarcewa.

Lissafin ba wuya: kowace mililita ta asid tana daidai da miligiram 10 na kalsiyam kabonet a lita. In ruwan ya sha mililita 8.5, sakamakonka 85 ke nan.

Me ya shafi kifinka? In lambar ta gaza 20, ruwan ba shi da garkuwa. Da rana gansakuka na zuƙe iskar kabon, pH ya hau; cikin dare ya sauko. Wannan hawa da sauka yana galabaitar da kifi, girmansa ya tsaya, kai kuwa kana zargin abinci. Maganinsa garin farar ƙasa na noma, amma don Allah a auna kafin a zuba, a kuma sake aunawa bayan ruwan sama mai yawa.

In za ka kai ruwa gwaji, cika kwalbar maƙil, toshe ta sosai, ka kai a ranar. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.