Rumfa Da Dandamali A Wurin Taro: Yadda Za Mu Tsare Rayukan Jama'a



Maganata a yau a kan wani abu ce da kowa ya saba gani, amma ba kowa ke tsayawa ya dube shi ba, watau rumfuna da dandamali da wuraren zaman 'yan kallo waɗanda akan kafa domin taro, a kwance su in an watse. Muna shiga ƙarƙashinsu ran hawan salla, da wurin Maulidi da wa'azi, da bikin aure, da baje koli, da taron siyasa. Da yake na kwana ɗaya ne ko biyu, sai mu ɗauka ba su bukatar irin kulawar da akan yi wa gini. To, nan kuskuren yake. Gini yana da harsashi a cikin ƙasa, rumfa kuwa ba ta da shi. Abin da ke riƙe da ita igiya ce da turke da ƙusa, sai kuma amanar wanda ya ɗaura su.

Abubuwa uku ne suka fi jawo hasarar rayuka a irin waɗannan wurare: nauyi, da iska, da wuta. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, in kawo muku abin da ya auku a wasu ƙasashe, gama gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na fari, nauyi. Ran 5 ga Mayu, 1992, aka shirya wasan ƙwallon ƙafa a filin Furiani da ke tsibirin Kosika na ƙasar Faransa, tsakanin Bastia da Marseille. Domin a sami ƙarin 'yan kallo, sai aka kafa wurin zama na ƙarfe mai hawa-hawa cikin 'yan kwanaki, mai ɗaukar mutum kusan 10,000. Jama'a suka cika shi, suna buga ƙafa a tare don murna. Mai sanarwa ya roƙe su su daina, amma tun ba a fara wasa ba sashen sama ya rufta. Mutum 18 suka mutu, fiye da 2,300 suka ji rauni. A 2021 Faransa ta yi doka ta hana buga manyan wasanninta na ƙwallo a wannan rana, domin tunawa da su.

Ku yi lissafi da kanku. In mutum ɗaya yana da nauyin kilo 70, mutum 100 sun kai tan 7 ke nan, alhali suna tsaye cik. In suka soma tsalle ko rawa a tare, abin da katako ke ɗauka yakan ƙaru ƙwarai, ya kuma riƙa jijjiga mahaɗai har noti ya kwance. A nan gida mun san halinmu. Dandamalin da aka yi domin mutum 30, da babban baƙo ya hau sai kowa ya ga shi ma ya isa ya tsaya kusa da shi, ba mai iya cewa wane ya sauka.

Na biyu, iska. Ran 13 ga Agusta, 2011, a wurin bikin baje koli na Jihar Indiyana ta Amurka, dubban mutane suna jiran mawaƙa sai iska mai gudun kimanin kilomita 95 a awa guda ta taso, ta kayar da rufin dandamali da fitilunsa da lasifikoki a kan waɗanda ke gaba. Mutum 7 suka rasu, 58 suka ji rauni. Masu bincike sun gano abu biyu. Tubalan kankare da aka ɗaure wayoyin rufin a jikinsu ba su isa su riƙe shi ba, sai suka zame. Sa'an nan kuma, ko da yake masu duba yanayi sun yi gargaɗi 'yan mintoci kafin haka, ba a fayyace wanda ke da ikon cewa a tsai da taro ba. Haka kuma a watan Mayu na 2024 iska ta kayar da dandamalin taron siyasa a Jihar Nuwebo Liyon ta ƙasar Meziko, mutum 9 suka mutu a daren.

Ku sani, in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura abu da shi yakan ninka sau huɗu. Kowane tamfol ko ƙyallen talla da aka rataya a jikin dandamali yana ƙara wa iska wurin kamawa, kamar laima a hannun yaro. Mu kuwa mun san hadarin farkon damina, yadda yakan haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa.

Na uku, wuta. Alhazanmu da suka yi aikin hajji a 1997 ba za su manta da gobarar Mina ba, wadda iska ta hura ta cinye dubban tantuna, alhazai fiye da 340 suka riga mu gidan gaskiya. Bayan haka ne hukumomin Saudiyya suka sauya tantunan da waɗanda wuta ba ta kama su da sauƙi. Darasin a fili yake: girki da tukunyar gas da janareta da galan na fetur ba wurinsu ba ne kusa da tamfol.

To, mene ne abin yi? Ku masu shirya taro, nauyin farko a wuyanku yake. In dandamali babba ne, ko wurin zama mai hawa-hawa, a nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN ya duba shi kafin kowa ya hau, ya faɗi adadin mutanen da zai ɗauka, a sa mai tsaro a bakin matakala ya riƙa ƙirgawa. A gama kafawa da sauran rana domin a sami damar dubawa. A saurari hasashen hukumar NiMet tun kwana guda kafin taro. A bar hanyoyin fita a buɗe, kada a toshe su da kujeru ko motoci. A sanar da 'yan kwana-kwana da asibiti mafi kusa.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne a naɗa mutum ɗaya, kowa ya san shi, a ba shi cikakken ikon tsai da taro in ya ga alamar haɗari, ko da wane ne ke riƙe da makirfo a lokacin. A yi wannan shawara tun a gida, a yarda da ita, domin sa'ad da hadari ya haɗo ba lokacin muhawara ba ne.

Ku kafintoci da masu walda da masu ba da hayar rumfa, kada ku kafa ƙafar ƙarfe a kan ƙasa mai laushi ba tare da shimfiɗa katako mai kauri ba. Kada dutse ko waya su maye gurbin noti. Ku ɗaga kai ku dubi wayar lantarki kafin ku miƙe sandar ƙarfe. In an matsa muku ku rage kaya don arha, ku ƙi, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku kuma jama'a, in kun ji dandamali yana girgiza ko katako yana ƙara, ku sauka a hankali, ku gaya wa masu tsaro. In iska ta taso, ku fita daga ƙarƙashin rumfa ku nufi gini mai ƙarfi, ku riƙe hannun yara da tsofaffi, ban da turereniya. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

'Yan'uwa, mun yi imani kowane rai yana da ajalinsa, amma an hore mu da yin sababi. Taron da aka ɗaga ana iya sake shi gobe, ran da ya fita kuwa ba ya komowa. Ina roƙon ku isar da wannan saƙo ga unguwanninku da ƙungiyoyinku, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.