Ƙafa Huɗu a Hanyoyin Kunduru: A Fara Gyara Daga Ƙarƙashin Mota

Lacca da aka gabatar a gaban masu motoci, direbobi da kanikawa a Kunduru, Ƙaramar Hukumar Kankiya

 

An nemi in yi magana a kan motocin nan da ake rubuta wa AWD ko 4WD a baya, waɗanda ƙafafunsu huɗu duka ke ja, mu kuma muke haɗa su mu ce jif. Sun yawaita a ƙasar Kankiya da Kusada, kuma dalilin a fili yake. Duk wanda yake da gona a lungu, ko iyali a ƙauyen da sai an keta yashi da rafi kafin a hau kwaltar Kano zuwa Katsina, yana son motar da ba za ta zaunar da shi a watan Agusta ba. Wannan buƙata ce ta gaskiya. Abin da ke damuna shi ne inda kuɗinmu ke tafiya bayan an sayi motar. Sai ka ga an sa mata manyan wili masu ƙyalli, an baƙanta gilashi, an ƙara fitilu, alhali man da ke cikin aksul ɗin baya tun wanda ta zo da shi ne daga ƙasar waje. Roƙona a yau shi ne duk nairar da za ka kashe wa irin wannan mota, ka fara kashe ta a ƙarƙashinta.

Mu fara sanin abin da muka saya. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, Lexus RX300 ta zo a 1998, Highlander kuma ta biyo bayanta. Babu ko ɗaya da aka gina a kan ƙashin Hilux. Daga Civic aka samo CR-V, daga Camry aka samo Highlander da RX300. Ƙananan motoci ne da aka ɗaga, aka miƙa wa ƙafafun baya wani kaso na ƙarfin inji, domin mai ita ya iya tashi a kan kwaltar da ƙanƙara ta rufe a Kanada ko arewacin Amurka. Ba su da ƙaramar giyar nan ta Hilux mai fid da mota daga kwazazzabo. Sannan ba sababbi suke iso mana ba. Agogon wadda ta fito daga Amurka mil yake ƙirgawa, don haka wadda ka ga ta nuna 150,000 ta ci kilomita 240,000 ke nan, in ma ba a taɓa agogon ba. A da ta Kwatano da Maraɗi da Jibiya da yawansu ke shigowa, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Ko ta ina motar ta biyo dai, da wuya ta zo da takardar da ke nuna gyaran da aka yi mata.

Ga yadda ƙarfin yake tafiya. Daga inji sai giyabos. A jikin giyabos akwai wani ƙaramin akwati, yawanci mai man kansa, shi ke juya farfela, farfela ta kai ƙarfi aksul ɗin baya. A kan wannan hanya akwai na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. A RX300, wani rufaffen gwangwani ne mai faifan ƙarfe da ruwa mai kauri. Idan ƙafafun gaba suka fi na baya gudu, sai ruwan ya riƙe faifan ya ja na bayan. A tsohuwar CR-V kuwa, famfo biyu ne a cikin aksul ɗin baya, su ke matse kuloci idan gaba ta fara sulɓi. Abin lura a nan, na'urar ba ta ganin laka ko yashi. Bambancin juyi tsakanin ƙafafun kaɗai ta sani.

To a nan taya ta shigo, kuma a nan zan fi daɗewa, domin yawancin asarar daga nan take farawa. Ɗauki tayar da aka rubuta wa 225/65 R17, wadda RAV4 da CR-V da dama ke sawa. Tana juyawa kusan sau 440 a kowace kilomita. Sabuwa tana da zane mai zurfin kamar milimita 8. Idan ka sa sababbi biyu a baya, ka bar tsofaffi a gaba waɗanda zanensu ya saura milimita 2, tsofaffin sun fi ƙanƙanta, dole su ƙara juyi kusan bakwai a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 100, juyi 700 ke nan. Kai a sitiyari ba za ka ji komai ba, amma na'urar can ƙasa ta ɗauka sulɓi ake yi, tana ta riƙo, tana ta ɗaukar zafi a kan busasshiyar kwalta. Manoman da ke nan sun san abin da ke faruwa idan aka haɗa babban sa da ƙarami a garma ɗaya, kunya ba ta miƙewa, shanun kuma duka su wahala. Wannan kuwa taya iri ɗaya ce. Ina ga an haɗa lamba 65 da 60, ko kamfani huɗu a mota ɗaya? Saboda haka ne kamfani irin Subaru ke gargaɗin cewa tayoyin huɗu su zama iri ɗaya, cinsu kuma kusan ɗaya.

Na san halin da ake ciki. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal, Dunlop ta rufe tata ta Legas, tun wajen 2007 da 2008, sabuwar taya ta zama kayan waje mai tsada. Sai muka koma wa ta hannu, wadda doka ma ta hana shigo da ita. Ba zan ce wa mai iyali ya fid da kuɗin taya huɗu rana ɗaya kamar wasa ba. Amma direbobi kuna adashi, to a yi adashin taya. Wanda ya ɗauka ya sayi huɗu tare, ya riƙa sauya musu wuri gaba da baya duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 don su ci daidai. In kuwa ta hannun ce ta zama dole, a duba abu biyu. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2318 an yi ta a mako na 23 na 2018. Na biyu, tayar da ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinta yawanci ta hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce, ba a yi ta don kwaltar watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Masu faci kuma, don Allah, lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Iskar da motar ke so tana rubuce a jikin ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 33. Idan aka ɗura 50, tsakiyar taya kaɗai ke taka ƙasa, mota ta riƙa tsalle a gargada, birki ya rage kamu.

Sai maganar cire farfela. Mota ta fara gurnani a baya, ko mai ita ya ji tsadar fetur tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, sai a ce a cire farfela a huta. Iyayen gidana kanikawa, ku yi mini haƙuri, wannan ba gyara ba ne. A CR-V motar za ta tafi, amma ta koma mai jan gaba kawai, tana ɗauke da nauyin aksul ɗin da ba ya aiki, fetur ɗin da aka rage kuma bai taka kara ya karya ba. A irin su RX300 abin ya fi muni, domin dukan ƙarfin injin zai koma bi ta wannan gwangwanin da na ambata, har ya ƙone. Mafi ciwo shi ne a sayar wa mutum irin wannan mota da kuɗin mai ƙafa huɗu ba a gaya masa ba. Wannan algus ne, malamai suna nan, sun fi ni sanin hukuncinsa. Sau da yawa kuma gurnanin nan na CR-V idan an karya sitiyari ba lalacewa ba ce, man aksul ne ya tsufa. Honda tana da nata mai na musamman don wannan famfo biyun. Idan aka zuba shi ƙarar takan ɗauke, idan aka zuba man giya na gama-gari sai ta ƙaru.

Mota mai jan ƙafa huɗu ba baƙin mai kaɗai take sha ba. Akwai man giyabos, da na ƙaramin akwatin, da na aksul ɗin baya, kowanne da irinsa. Tsofaffin Toyota na neman wanda ake kira T-IV, na baya-bayan nan kuma WS, ba a musanya su don launinsu ɗaya ne. Ƙaramin akwatin nan man cikinsa kaɗan ne ƙwarai, ga shi kusa da zafin salansa, yoyo kaɗan ya isa ya busar da shi. Shawarata ita ce ranar da ka sayi motar ka sauya na akwatin da na aksul, daga nan kuma kada ka wuce kilomita 40,000. Idan ka keta rafi ruwa ya kai cikin mota, washegari a kwance a duba. Aksul mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta 'yar ƙofar numfashinsa, man ya koma fari-fari, boris ya fara ci. Haka robar nan mai ninki da ke rufe gaɓar shaf. Zafi na tsattsaga ta, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris. Robar ba ta da tsada, shaf ɗin da za ka je nema Ƙofar Ruwa a Kano shi ne mai tsada. In kana son ƙari na gaskiya a nan, a sa wa giyabos ƙaramin lagireto nasa na daban, musamman RX300 mai jan huɗu, wadda aka san giyarta da rauni, a kuma ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda kututture da dutse.

Yanzu zaman mota a kan hanya. Matasanmu na kallon bidiyon Turai inda ake sauke mota ƙasa, a sa faffaɗan wili da siririyar taya. Wannan don kwalta mai santsi aka yi shi. Dattawan da suka tuƙa Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, za su gaya muku abin da ya sa ta mallaki hanyoyin Arewa. Ƙafa biyu kawai ke ja a cikinta, amma sifirin ɗinta na da dogon numfashi, tayarta na da tsawon gefe, ƙafafunta ba sa rabuwa da ƙasa a gargada. A 1975 ɗin ma ita ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka. Abin da jif ɗinka ke buƙata ke nan. Wili mai inci 16 ko 17 da taya mai kauri ya fi mai inci 20 da rami ɗaya zai lanƙwasa. Shokazoba a sauya su biyu-biyu, hagu da dama tare, domin wadda ta mutu tana barin taya ta riƙa tashi daga ƙasa, kuma tayar da ke sama ba ta birki ba ta kwana. A bi bushin da tayirod da bolijoyin, sannan a kai ta a daidaita ƙafafu. Masu ƙara wa mota tsawo da kauri-kaurin ƙarfe a kan sifirin su sani suna karkatar da shaf, suna kuma kusantar da motar ga kifewa.

Akwai abin da nake so kowane direba ya riƙe, domin rai ke ciki. Jan ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi. Ba ya ƙara mata birki ko kaɗan, domin kowace mota dama birki huɗu gare ta. Haɗarinsa ma shi ne yana ɓoye wa direba santsin hanya, ya ji motar ta kama ƙasa ya ƙara wuta, sai a kwana ko gaban dabbar da ta gitta ya gane gaskiya. Ga kuma lodi. Honda ta rubuta wa CR-V ɗin Amurka kilo 385, mutane da kaya duka. Manya biyar sun kusa cinye wannan. Idan aka ɗora buhun gero biyu za a kai kasuwar Charanchi, gaban motar ya yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana.

Ga mai shirin saye, ka je da bakanikenka, ba na dillali ba. A leƙa ƙasa a ga farfela na nan, a duba tsatsar da gishirin hanyoyin ƙanƙara ya bari. A zaro ma'aunin man giya a sansana, in yana ƙauri a haƙura da motar. A sami fili, a karya sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali hagu da dama, ana sauraren gurnani ko ƙas-ƙas. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 mai giyar otomatik tana da sananniyar matsalar kwamfuta da ke sa giya fizga. Kwamfutar ake fara gyarawa, in ba haka ba sabon giyabos ɗin ma zai bi na farko. Idan kuma mota ta mutu a hanya, kada a ɗaga gaba a ja ta ƙafafun baya na gudu a ƙasa, a ɗora ta gaba ɗaya a kan babbar mota.

Ku kuma iyayen gidan gareji, ina roƙon abu ɗaya da ba ya cin kuɗi. Kowace mota irin wannan da ta shigo hannunku, ku sa mai ita ya ajiye ɗan littafi a cikinta. Yaron da ya yi makaranta a cikin yaranku ya rubuta ranar da aka zuba mai, da irinsa, da abin da agogo ke nunawa, da lambar tayoyin da aka sa. Bakaniken Katsina ko na Kano da motar za ta faɗa hannunsa gobe zai san inda aka tsaya, wanda zai saye ta daga baya kuma zai san abin da yake biya.